Ruwa ba ya tsami banza

Duk ɗan kasuwar da ke da kanti tsakanin Baleyara da Filinge ya san ƙunshin nan na rabin kilo, mai tauri kamar tubali, wanda masu burodi da masu fanke ke saye. Faransawa na kiran abin da ke cikinsa levure, fataken da ke shigo da kaya daga Nijeriya kuma na cewa yis. In aka huda ledar sai ta yi huci ta saki jiki, waɗansu ƴan ƙwayoyi masu launin ƙasa su zubo, ko girman ƙwayar gero ba su kai ba. Mai kanti na auna su da cokali yana ƙullawa kamar yadda yake ƙulla gishiri, kuma da wuya ya taɓa kawowa a ransa cewa abu mai rai yake sayarwa. Alhali kuwa cikin giram ɗaya na garin nan akwai halittu miliyan dubbai, suna barci, ruwa kawai suke jira.

Tun kafin ƙunshin nan ya ƙetaro teku, akwai matan da suka san wannan barci, suka san yadda ake sa shi da yadda ake tashinsa. Ba a cika ambatonsu cikin taron mutunci ba, domin sana'ar da suka koyi abin a cikinta ita ce dafa giya. Musulunci ya haramta giya, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma da sanin da ke hannun matan nan an ci tuwo, an sayi kaye da bik, akwai ma waɗanda da shi suka hau kujerun da suka zauna kai cikin ofisoshin Yamai. Labarin ɗaya daga cikinsu ya isa misali.

Ƴar Arewa ce, daga wani ƙauye na wajen Dogonduci, inda har bayan samun ƴancin kai cikin 1960 akwai gidajen Azna da ba su rabu da al'adun kakanni ba. A can giyar dawa ko ta gero na cikin hidimar biki da ta gayya, kuma yarinya na koyon dafa ta kamar yadda take koyon surfe. Aure ya kawo ta ƙasar Kurfai, neman abinci kuma ya kai ta da mijinta Bonkuku, babban garin Imanan, cikin Dallol Boso, bisa hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Filinge. Gari ne na Abzinawa da Zabarmawa da Hausawa, kuma baƙuwa ce a cikinsa. Ranar da za a kai ta ɗaki, uwarta ta cusa mata wani ɗan ƙulli cikin kayan ƙorai, tsumma ne da aka ɗaure da zare, cikinsa wani gari mai warin tsami. Sunan da take kiransa da shi har ta bar duniya shi ne iri.

Mijin ya rasu ya bar ta da ɗiya huɗu, babu gona ta kirki, babu dangi kusa. Sai ta kafa murhu a bayan gida, can gefen gari. Masu sayenta direbobi ne da leburorin hanya da tsofaffin sojan Faransa in sun karɓo fansho, sai kuma waɗansu masu riga da wando da ba su zuwa da ƙafarsu, yaro suke aikowa da buta bayan magariba.

Aikin burkutu na cin kwana bakwai ko fiye in aka haɗa da tsiro. Ana jiƙa jar dawa kwana ɗaya, a tsane ta, a baza cikin inuwa a lulluɓe da jiƙaƙƙiyar tabarma, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku, sai ƙwaya ta fid da saiwa. A shanya a rana, a ɓarza. Wannan shi ne tsiro, kuma amfaninsa shi ne ƙwayar da ta soma fita tana sakin wani ƙarfi da ke mai da garin hatsi sukari. Ranar dahuwa ana dama tsiron da ruwa a randa, a sa yauƙin karan kuɓewa ko na ɓawon dargaza don gari ya kwanta da wuri. In ya kwanta sai a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa kaurin shi kaɗai, sa'an nan a sake haɗa su. Nan akwai hikimar da ta cancanci a tsaya a kai. Garin dawa ba ya nuna sai da wuta mai ƙarfi, wutar da za ta kashe ƙarfin tsiro in an dafa su tare. Ƙarfin yana cikin ruwan da aka tsiyaye, shi ya sa ake raba shi da wuta. Matan da ba su taɓa shiga lakwal ba sun gano wannan da hannunsu tun zamanin da ba wanda ya san farkonsa.

Abin da aka haɗa na kwana yana tsami, irin tsamin da ke sa nono ya zama kindirmo. Washegari a tace, a tafasa awa da awanni, a juye cikin randuna a bar shi ya huce. Har zuwa nan babu giya, ruwan zaƙi ne mai ɗan tsami wanda ko yaro zai iya sha. Sai da maraice, in randa ta yi sanyin da za a iya tsoma hannu a bar shi ciki, ake zuba iri. Kafin asuba randuna sun soma tsuwa suna kumfa. Abin da ke fitowa ba ya da ƙarfi kamar barasar kwalba, kashi 3 ko 4 cikin 100 ne bisa galibi, kuma ba ya jure ajiya. In ya kwana biyu ba a sayar ba, ya zama na zubarwa.

Duk wahalar nan, da itacen da aka ƙone, da dawar da aka ci bashi, a kan ɗan ƙullin nan suke rataye. In iri ya mutu, randa na kwana shiru, da safe a tarar da ruwan ya yi yauƙi yana wari, jari ya tafi. Don haka matar nan ta fi kula da iri bisa ga komi cikin sana'arta.

Ba daga kowace randa take ɗiba ba. Tana lura da wadda ta riga sauran tashi, wadda kumfarta ta yi fari, wadda masu sha ba su kushe ba. In an gama sayarwa, farin kaurin da ya kwanta a gindin wannan randa shi take kwashewa da ludayi, ta zuba cikin tsumma mai tsabta, ta matse a hankali har ruwa ya bar ɗiga. Sai ta baza shi bisa sabon faifai, siriri kamar ganyen albasa, ta kai shi rana da hantsi, ta ɗauke kafin rana ta take tsaka, ta ƙarasa shanyar ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Wanda ya san ranar Afrilu da Mayu a Kurfai, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san dalili. Da damina kuwa abin tsoro shi ne danshi, domin irin da ya daɗe bai bushe ba fumfuna ke cinye shi. In ya bushe har yana karyewa, sai ta murje shi da tafin hannu, ta ƙulla, ta jefa cikin ɗan gora ta toshe bakin, ta rataye a ɗakin kara, nesa da murhu, nesa da kwano.

Tashinsa ma da ƙa'ida. Tana ɗibar rabin ƙoƙo na ruwan da aka tafasa ya huce, ta gwada da bayan hannu har ya zama kamar madarar da aka tatso yanzu daga saniya. Ta barbaɗa iri bisa ruwan, ba ta motsawa, ta rufe da faifai ta tafi ta daka kayan miya. In ta dawo ta juya shi da tsinke mai tsabta, ta ƙara ludayi ɗaya na ruwan zaƙin randa, ta sake rufewa. Sai ta ga ƴar kumfa ta taru a bakin ƙoƙo, sa'an nan ta yarda ta juye cikin randa. Ruwan tulu mai sanyi na hunturu ba ya shiga wannan ƙoƙo, haka ruwan rijiyar da ke da ɗanɗanon kanwa, kuma ƙoƙon ba ya taɓa miya.

Babban ɗanta ya yi lakwal a Bonkuku, ya yi kolej a Filinge, ya ci jarrabawa aka kai shi lise a Yamai. Kuɗin mota, da tabarma, da akwatin ƙarfe, da takalmin farko da ya taɓa sawa, duk daga randa suka fito. Ya san haka sarai. Amma a farkon kowace shekara, in aka raba takardar da ke tambayar sana'ar uwa, ménagère yake rubutawa, wato matar gida, kuma abokan kwanansa ba su taɓa jin ya yi zancen murhun bayan gida ba.

A can lise ne wani malamin kimiyya ya zana musu ƙwayar yis bisa allo, yana ba su tarihinta. Cikin 1680 wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ya hango ƙwayoyin cikin ɗigon giya da madubin da ya ƙera da kansa, bai gane rai gare su ba. Cikin 1837 Bafaranshe Cagniard de Latour ya ga suna tohuwa, ƙarama na fita jikin babba. Louis Pasteur, lokacin da yake koyarwa a birnin Lille, masu yin barasa da gwoza mai sukari suka kawo masa kukan cewa randunansu na lalacewa, daga nan ya soma binciken da ya tabbatar cewa tsami da kumfa aikin ƴan halittu ne, kowane iri da nasa, har ya rubuta littafi sukutum bisa giya cikin 1876. Cikin 1883 kuma Emil Hansen, a masana'antar Carlsberg ta Kwapanhagan, ya ware ƙwaya ɗaya tak mai kyau, ya raine ta har ta cika tukunya, don a riƙa samun giya iri ɗaya kullum. Halittar na cin sukari, tana fid da barasa da iska kusan rabi da rabi. Iskar ce ke kumbura burodi, barasar kuma ta ƙone cikin tanda. In ta sami abinci da ɗumi, kowace ƙwaya na haihuwa cikin kamar awa biyu.

Yaron na zaune yana rubutu, hankalinsa na Bonkuku. Zaɓen randa mafi kyau da uwarsa ke yi, shi ne abin da mutumin Kwapanhagan ya yi da madubi. Da aka ba da hutu ya zo gida, ya tarar tana murje iri a gindin rumfa, ya tsuguna ya ce: “Inna, kin san abin nan da kike ajiyewa rai gare shi?”

Da yake ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ta ce: “To, ɗan lakwal, dā gawa kake tsammani nake ratayewa a ɗaki? Sai da aka kai ka Yamai ka san haka?”

Masana na yau sun bayyana dalilin kowace ƙa'ida tata. Ɗanyen yis kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, busasshe kuwa bai kai kashi 10 ba. In ƙwaya ta bushe, fatarta na tsukewa ta tsattsage kamar laka a tabkin da ya ƙafe. Ruwan da ya fara taɓa ta shi ke yanke mata hukunci. In mai ɗumi ne, fatar na laushi ta haɗe da sauri. In mai sanyi ne, tsagar na daɗewa a buɗe, abin cikin ƙwaya ya tsiyaye. In zafi ya wuce digiri 50 ta soma mutuwa, kafin 60 an gama. Gishiri da sukari mai yawa na tsotse ta tun ba ta farfaɗo ba, shi ya sa ake fara mata da ruwa zalla, daga baya a ɗanɗana mata abinci. Masu dafa giya a gida a Turai da Amurka na sayen busasshen yis cikin ƴar leda mai giram 11 da rabi don lita 20, kuma umurnin da aka daɗe ana ba su shi ne su barbaɗa shi bisa ruwa mai nauyinsa sau 10, mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, su jira minti 15 zuwa 30, sa'an nan su motsa. Kamfanonin na cewa irin da suke yi yanzu na jure a zuba shi kai tsaye. Na faifai ba ya jurewa, don haka mai shi ba ta taɓa tsallake mataki ba.

Yunwar 1973 ta gwada kowa. Shanu sun mutu, rumbuna sun yi fayau, kuma zancen rabon abincin taimako na cikin dalilan da soja suka kawo ranar 15 ga Afrilu 1974, lokacin da Seyni Kunce, ɗan Fandu da ke nan yankin Filinge, ya karɓi mulki. Babu mai hankalin da zai jiƙa dawa don giya yara na kuka. Murhu ya mutu, randuna suka kife. Amma busasshen iri ba ya dawwama, ƙarfinsa na raguwa wata bayan wata, balle cikin zafi. Ta san in ta bar shi shekara guda a gora, ranar da ruwa ya dawo ba ta da abin komawa. Saboda haka duk tsayuwar wata tana cire dawa cikin tafin hannu ɗaya daga abincin gida, ta yi tsiro, ta dama a ƙaramin ƙoƙo, ta tashi irin ya ci ya hayayyafa, ta sake shanya shi. Dusar kuma ta koma tukunyar tuwo. Wata maƙwabciya ta ce da ita: “Ke kuwa, mutane ba su ƙoshi ba kina ciyar da gari?” Ta ce: “Manomi ma yana jin yunwa, amma bai cinye irin shuka ba.”

Cikin wannan shekara ta 1973 ne kamfanin Lesaffre, da ke kusa da Lille ɗin nan ta Pasteur, ya fito da busasshen yis mai saurin narkewa da ake kira Saf-Instant, wanda daga baya ya cika kantunan Afirka ta Yamma. Busasshen yis na masana'anta ya samo asali tun lokacin yaƙin duniya na biyu, da Amurkawa suka nemi wanda soja za su ɗauka ba tare da firji ba. Matsalar da suka warware da injuna, ita ce matsalar da matar Bonkuku ke fama da ita da faifai: yadda za a kai abu mai rai daga yau zuwa gobe cikin ƙasa mai zafi.

Bayan yunwa Imanan ta canza. Ruwa na kusa cikin Dallol, mutane suka duƙufa ga noman rani, dankalin Turawa na Bonkuku ya yi suna har kasuwannin Yamai, fatake da manyan motoci suka yawaita. Masallatai ma suka yawaita, makarantun allo suka cika, kuma abin da ake kawar da kai gare shi dā ya zama abin nuni da baki. Ɗiyanta mata sun isa aure, an soma cewa ɗiyan mai giya ne. Ita kanta ta daɗe da soma salla, zuciyarta ba ta kwance ba. Da farin 1984 ya sake kashe murhu, ba ta ƙara hura shi ba. Ta wanke randunan ta mai da su na ruwan sha, ta tuba, ba wanda ya tilasta ta.

Gorar iri ce ta kasa jefarwa. Ta je wurin malamin unguwa ta durƙusa daga bakin zaure ta ce: “Allah gafarta Malam, akwai abin da na gada wurin uwata, da shi nake tada giya. Na bar giya. In na sa shi ga fanke, na yi laifi?”

Malamin ya yi shiru, sa'an nan ya ce: “Baiwar Allah, abin da ke gusar da hankali shi aka hana. In kumbura ƙullu kawai zai yi, ai burodin da muke karya kumallo da shi ma haka ake yi masa. Ki je ki nemi halalinki.”

Haka iri ya tashi daga randa ya koma kasko. Tana rainonsa cikin ɗan kunun tsiro da take bari ya kwana, ta zubar da ruwan, ta shanya kaurin. Fankenta da masarta na da wani ɗan tsami da na sauran mata ba su da shi, domin cikin irin gida akwai halittun da ke tsamar da nono tare da masu kumburawa, na leda kuwa iri ɗaya ne zalla. Fataken dankali da yaran mota sun san inda take zama ranar kasuwa.

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa da ke dala 10 ya koma dala 20 cikin dare ɗaya, kuma duk abin da ke zuwa ta teku ya hau, har da fulawa da yis. Masu fanke da yawa suka koma masar gero, waɗanda suka saba da cokalin kanti suka ga riba na ƙarewa a wurin. Sai ga matan da dā ba su bari ɗiyansu su taka ƙofar gidanta suna sallama da ƙoƙo a hannu. Ba ta karɓi ko dala ba. A garinsu, in ji ta, iri kamar garwashi yake, ana ɗibarsa ne a gidan maƙwabci, ba a cinikinsa, kuma wanda ya ɗiba wajibi ne ya ba wani.

Wata amarya ta dawo washegari fuska a murtuke ta ce: “Gwaggo, irin nan naki matacce ne, ƙulluna bai tashi ba.” Da aka bi zance, ashe cikin kunu mai tururi ta zuba shi. Tsohuwar ta ce: “Ɗiyata, ke in kina barci aka sheƙa miki tafasasshen ruwa, tashi za ki yi ko suma?” Ta sake ba ta wani, ta riƙe hannunta ta tsoma cikin ƙoƙo don ta ji ɗumin da fatarta.

A waɗannan shekaru ɗan nata ya zama ma'aikacin gwamnati a Yamai, da mata da ɗiya da gidan haya. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Nijar cikin shekarun 1990 bai manta ba yadda albashi ke yin wata da watanni bai fito ba, mai kanti ya rufe littafin bashi, mai gida na aiko yaro. A irin wannan lokaci ne ake kiransa tasha ya karɓi saƙo daga Bonkuku: buhun dankali, da ƙullin ƴan jikkuna cikin tsumma. Mai digiri na cin abincin da irin kakarsa ya saya, karo na biyu a rayuwarsa.

Ta rasu cikin wata damina, bayan gajeriyar jinya. Da aka zo rabon gado, malamai suka lissafa awaki da randuna da ƙorai da fegin gida. Gorar da ke rataye a ɗakin kara ba ta shiga lissafi ba, domin ba ta da farashi. Ɗiyanta mata na gidajen aurensu, matan da suka ɗibi iri kuma sun koma cokalin kanti tun da kasuwa ta daidaita, tunda ya fi sauƙi, ba ya son raino. Hunturu ya wuce, bazara ta wuce. Da ɗan ya zo gyaran gida ya ga gorar, ya kwance ƙullin, ya tafasa ruwa ya bar shi ya huce har ya yi ɗumin madara, ya barbaɗa, ya rufe da faifai, ya jira. Ya ƙara sukari kaɗan ya sake jira har la'asar. Ruwan bai motsa ba.

Gaskiya ne halittun nan na ko'ina, bisa ƙwayar dawa da cikin iska, kuma duk wanda ya bar kunun tsiro ya kwana zai sami abin da zai yi kumfa. Sai dai wannan ɗanyen daji ne. Wanda ya mutu cikin gorar nan an yi ta zaɓensa randa bayan randa, daga uwa zuwa ɗiya, har ya saba da jar dawa da zafin Kurfai da ruwan Dallol. Irin wannan ba a sake haɗa shi cikin shekara ɗaya ko goma.

Maƙwabta ba su yi sakaci haka ba. A Burkina Faso busasshen irin dolo, wanda ake kira rabile, kaya ne na kasuwa, har cikin miya ake sa shi don yana da sinadarin gina jiki da bitamin B, kuma masu bincike a Wagadugu sun tattara shi sun nazarci halittun da ke ciki. A Benin ma an yi nazarin irin da ake tada cukutu da shi. Nijar na da INRAN tun 1975, akwai kuma rumbun ajiyar irin gero da dawa na cibiyar ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, domin an gane cewa irin da manomi ya raina shekara da shekaru dukiyar ƙasa ce. Irin da ake shukawa cikin tukunya, na masa da na kindirmo da na daddawa, ya cancanci wannan kulawa, kuma tsofaffin da suka san shi ba su da yawa yanzu. Ba sai an koma ga giya ba kafin a je a tambaye su.

Ɗan kasuwa ma na da abin ɗauka a nan. Ƙunshin kanti na yin kamar shekara biyu muddin ba a huda shi ba, domin an zuƙe iskar da ke ciki. Daga ranar da aka buɗe shi ya shiga halin da gorar tsohuwa ke ciki: iska da danshi da zafin kwano na cinsa kullum. Mai sayarwa da cokali ya ɗaure bakin ledar tam, ya ajiye ta wuri mai sanyi, kada ya buɗe sabuwa sai tsohuwar ta ƙare. In mai saye ta dawo da ƙara, kafin a yi rantse-rantse a zuba cokali ɗaya cikin rabin kofi na ruwa mai ɗumi da ɗan sukari. In minti 15 ya wuce babu kumfa, gaskiya na wajenta.

Shi kuwa ɗan tsohuwar ya yi ritaya, ya je Makka ya dawo. Da jikarsa ta kawo masa takardar makaranta tana tambayar tarihin iyali, ya zaunar da ita ya gaya mata sana'ar da uwarsa ta fara yi da wadda ta ƙare da ita, bai rage komi ba. Duk ranar Juma'a yana sa a soya fanke a raba wa almajirai, Allah ya kai ladan kabarinta. Matarsa na aiken yaro kanti ya sayo yis na dala 10.